Ni Ce Na Kai Wa Baba Kwalbar

Tun ina 'yar shekara 9 asma ta kama ni. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka tari ne kawai. Ina ma a ce tari ne. Iska ce cike da ɗaki, kowa yana shaƙar abarsa hankali kwance, ke kuwa kina jawo taki kamar ta kafar allura, ƙirji yana kuka sai ka ce kyanwa ta maƙale a ciki. Dare ya fi muni. Umma takan jingina ni da jikinta har asuba, domin da na miƙe a kwance numfashin yake sarƙewa. Ƙura, hayaƙi, turare mai ƙarfi, sanyi, har dariya in ta yi yawa, kowanne yana iya tayar da ita. Na girma da inhela, wato ɗan abin fesa maganin asma a baki, a jaka yadda wasu ke yawo da makullin ɗaki.

Bayan na haifi ɗana na biyu abin ya ƙaru. Likita ya rubuta mini inhela iri biyu. Ɗaya ta kullum ce, safe da dare, ko da lafiyata ƙalau, aikinta kwantar da kumburin hanyoyin iska a hankali. Ɗayar shuɗiya ce, ta lokacin da ciwon ya taso. Shuɗiyar na riƙe hannu bibbiyu, don ita nake jin aikinta nan take. Ta kullum ɗin kuwa, in tuna yau, in manta kwana huɗu.

Koyarwa nake yi. Wata rana a ɗakin malamai wata abokiyar aikina ta same ni ina fesa shuɗiyar a baki, ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malama, har yanzu wannan abin bai bar ki ba? Kin taɓa gwada man habbatussauda kuwa?" Na san habbatussauda mana, wa bai san ta ba. Hadisinta ma tun ina yarinya na ji shi. Sai dai ban taɓa kawo ta kusa da ciwona ba. Washegari ta zo mini da 'yar ƙaramar kwalba.

Da rabin cokalin shayi na fara, kowace safiya. Gaskiya ba daɗi. Ɗaci ne da farko, sai wani yaji da ke bin maƙogwaro yana ƙuna, sai gyatsa mai warinsa har azahar. Na koma haɗa shi da zuma, ya ɗan yi sauƙin haɗiya. Mako biyar ko shida da farawa na lura ina yin kwana biyu, uku, ban farka cikin dare ba. Atishawar safe da ke sa ni hawaye ta ragu ƙwarai. Shuɗiyar inhelar da ba ta kai mini wata guda, sai ga ta ta haura wata biyu da saura.

A nan sai na faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin, don ni kaina ban so in gan shi ba. A makon da na fara shan man ne likita ya yi mini faɗa sosai kan inhelar kullum, na kuma koma shaƙarta ba fashi. Sanyi ma ya soma janyewa. Abu uku ne suka haɗu. Har gobe ina ganin man ya taimaka, musamman ga hanci da atishawa, domin duk sa'ar da na bar shi na kwana biyu ina jin bambanci. Amma wancan lokacin ban raba yabon uku ba. Gaba ɗaya na juye wa kwalba.

Sai na shiga karance-karance ba ji ba gani. Fahimta ba ita nake nema ba, abin da zan rufe bakin mai musu da shi nake tarawa. Na haddace cewa ɗan ƙaramin tsiro ne da bai cika wuce gwiwar mutum ba, mai fure fari ko shuɗi-shuɗi, baƙaƙen ƙwayoyin suna cikin ɗan ƙwanson da yake yi, masana suna kiransa Nigella sativa, ana noma shi a Masar da Indiya da Turkiyya da Habasha da Siriya. Na haddace cewa an tarar da ƙwayoyin a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922, ke nan mutane sun fi shekara 3,000 suna amfani da ita. Na san Ibn Sina ya ambace ta a littafinsa na likitanci, Al-Ƙanun. Na san kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwayar mai ne, kuma wancan yajin da ke ƙona maƙogwaro yana da alaƙa da wani sinadari da ake kira taimokwinon, wanda yawancin bincike ke bibiya saboda yadda yake rage kumburi. In na fara jero waɗannan a taro, kowa shiru yake yi.

Wanda na fi so shi ne wani bincike da aka yi a Jidda, aka wallafa a 2017, don ya taɓa ciwona. Masu asma 80 aka raba gida biyu. Rabi aka ba su man a cikin ƙwanson magani, wato kafso, miligiram 500 sau biyu a rana, rabi aka ba su ƙwanson da ba habbatussauda a ciki. Bayan mako 4 waɗanda suka sha man sun fi samun sauƙin ciwon. Wannan na tura wa jama'a a WhatsApp ba adadi. Akwai jimla ɗaya a cikin bayanin da idona ke tsallakewa kullum, zan zo gare ta.

A saman duk wannan kuma akwai hadisin, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, cewa a cikin habbatussauda akwai waraka daga kowace cuta, ban da mutuwa. Da shi nake rufe kowace magana. Wanda ya ce mini "amma", sai in tambaye shi ko yana shakkar maganar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Wa zai amsa wannan?

Yayana ne ya laƙa mini suna Dakta Habba. Da zolaya ya faɗa, ni kuwa daɗi na ji.

Ba duka abin da na yi ne ya ɓaci ba, kada in zalunci kaina. Umma tana fama da gwiwa, na riƙa ɗumama man kaɗan ina murza mata da dare, ta ce tana samun sauƙin tashi da safe, har yau tana yi. Maigidana yana shafawa a fatar kai saboda amosani, ya ce ƙaiƙayin ya ragu. Amma ƙanwata ta shafa shi tsagwaronsa a fuska saboda ƙuraje, da umarnina, kwana uku a jere. Fuskar ta yi ja, ta kumbura, ta yi ƙananan ƙuraje masu ruwa. Ta kira ni tana kuka. Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Ki yi haƙuri, ciwon ne yake fitowa." Ita ta fi ni hankali, ta daina, ta je aka duba ta, aka ce fatarta ce ba ta karɓi man ba, kuma abu ne da aka sani yana faruwa ga wasu. Wannan gargaɗi ne Allah ya aiko mini a fili. Na sa ƙafa na tsallake.

Baba yana da shekara 68 a lokacin. Shekara 11 yana da ciwon suga. Da ƙwayar metfomin aka fara masa, aka ƙara wata, daga baya likitansa ya ce ƙwayoyin sun daina isa, sai an haɗa da allurar insulin kowane dare. Baba mutum ne mai haƙuri da komai, ban da allura. In Umma ta ɗauko ta daga firji sai ya kau da kai, ya ce, "To, an zo." Tun da ya bar aiki ba shi da abin yi sai littattafansa na addini, wuni yake a cikinsu.

Ni ce na kai masa kwalbar. Babba, ba irin tawa ba.

Na sha juya abin da na faɗa a ranar, ina neman wurin da zan wanke kaina. Ban ce masa ya daina shan magani ba, wannan kalmar ba ta fito daga bakina ba. Amma na ce, "Baba, wannan fa maganin Annabi ne, wanne ya fi shi?" Na ce, "Waɗannan ƙwayoyin da kake ta sha, su ne ke cinye ƙodar mutane." Na ce masa an yi bincike a Saudiyya an ga yana saukar da suga. Na nuna masa jakata na ce ya dubi yadda na kusa rabuwa da inhela. Wanda ya faɗi waɗannan duka, ai bai bar komai ba sai sa hannu.

Baba ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta, ya yi murmushi, ya ce, "To, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Allurar ya fara ajiyewa. Ya ce wa Umma zai riƙa yi da kansa, ta daina wahala. Bayan mako biyu ya ajiye ƙwayoyin. Man kuwa babban cokali yake sha, sau uku a rana, wai tunda ciwon ya daɗe sai an ba shi da yawa. Na'urar gwada sugan ya jefa ta cikin durowa.

Umma ce ta fara lura. Ta kira ni ta ce, "Babanku fa ruwa yake sha kamar raƙumi, da dare sai ya tashi fitsari sau shida, wandonsa ma ya yi masa yawa." Duk wanda ya zauna da mai ciwon suga ya san waɗannan alamu, ni ma na san su. Amma na ce, "Umma, jiki ne yake wanke kansa. Ki ba shi lokaci." Yanzu ma da nake rubuta wannan hannuna rawa yake.

Mako bakwai aka yi. Wani dare wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara, Yaya ne. Bai yi sallama ba. "Ki taho asibiti. Baba bai san inda kansa yake ba."

Na tarar da shi a ɗakin taimakon gaggawa, an sa masa ƙarin ruwa hannu biyu. Leɓunansa sun bushe sun tsage, idanu sun faɗa, yana magana ƙasa-ƙasa ba kai ba gindi. Ya kalle ni bai gane ni ba. Nas ta ce da suka ɗiga jininsa a ƙaramar na'ura ba ta ba da lamba ba, haruffa biyu kawai ta nuna, HI. Irin waɗannan na'urori sukan tsaya a 33, abin da ya haura nan ba sa iya ƙirgawa. Mai lafiya in ya tashi da safe bai ci komai ba, nasa ba ya kai 6.

Da gari ya waye likitan ya tara mu a gefe. Ya ce sugan ya taru har jini ya yi kauri, jiki ya yi ta ƙoƙarin fitar da shi ta fitsari har ruwan jikin ya ƙare, shi ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya kuma taɓa ƙoda. Ya ce irin wannan yana kisa, musamman ga dattawa. Sannan ya tambaya, "Wa ke kula da magungunansa a gida?"

Ba wanda ya yi magana. Umma ta buɗe jakar da ta taho da ita, ta zazzage a kan benci. Kwalayen ƙwayoyi da ko ɓare su ba a yi ba, insulin da ba a taɓa ba, sai kwalbata, saura kaɗan a gindi. Yaya ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba. Da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Likita, ni ce na kawo masa."

Na zaci zai yi mini wankin babban bargo. Sai ya ɗauki kwalbar, ya buɗe, ya sansana, ya ce, "Mai kyau ne ma kuwa." Ya ce in zauna.

"Baiwar Allah, ni ba na faɗa da habbatussauda. A gidana ma akwai. Kin ce kin karanta binciken Saudiyya?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To, waɗancan mutanen garin ƙwayar aka ba su, giram 1, giram 2, giram 3 a rana, tsawon wata uku. Masu giram 2 sugansu ya sauka, gaskiya ne. Masu giram 3 ba su fi su samun komai ba, kin ga yawa ba shi ne aiki ba. Abin da ya fi muhimmanci, ko mutum ɗaya ba a karɓe wa maganinsa ba. A kan ƙwayoyinsu aka ɗora musu. Na asmar da kike faɗa ma, ki koma ki duba, an karɓe musu inhela?"

Ba sai na koma ba. Ita ce jimlar da idona ke tsallakewa.

Ya ci gaba da cewa wanda aka kai ga ɗora shi a kan insulin, gaɓar da ke samar da shi a jikinsa ce ta gaji, ba ta iya ba da abin da ya isa. Man zai iya taimaka wa jiki ya yi amfani da ɗan abin da ke akwai, ya rage wani abu, amma ba zai zama insulin ba. Hawan jini ma haka, in an tattara binciken da aka yi, abin da yake saukarwa bai wuce maki 3 ko kusa da haka ba. Alheri ne, amma wanda nasa ya kai 180 ba maki 3 yake nema ba. Ƙodar da na ce ƙwayoyi ke cinyewa kuwa, ya ce sugan da aka bari ya yi yawa shi ne babban mai cinye ta.

Sai kuma ya juya maganar ta wani gefen da ban taɓa tunani ba. Ya ce da Baba ya ci gaba da allurarsa da ƙwayoyinsa, ya kuma ɗora wannan cokali ukun ba gwaji, da ana iya kawo shi da akasin haka, suga ya faɗi ƙasa da 4, gumi, rawar jiki, suma. Tunda abu yana aiki, to yana iya haɗuwa da wani maganin aikin ya yi yawa. Shi ya sa mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, da mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, duk ba sa ɗaukar kwalba su kafa kai sai sun yi shawara. Ya ce, "Ku dai ku riƙa gaya mana abin da kuke sha. Ɓoyewar ce ke ba mu wahala."

Kwana 9 Baba ya yi a kwance. A rana ta uku ya gane ni.

Bayan an sallame shi na yi kwana huɗu ban iya zuwa gidan ba. Ranar da na je, na same shi a ɗakinsa, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa, na fara magana, kuka ya ci ƙarfina. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya nuna kanta ya ce, "Uwata, miƙo mini Zadul Ma'ad, juzu'i na huɗu."

Bai yi lalube ba, kai tsaye ya buɗe wurin. Ya karanta da Larabci, ya fassara mini. Ibnul Ƙayyim, mai littafin, ya ce faɗin Annabi "waraka daga kowace cuta" kamar faɗin Allah ne a Suratul Ahƙaf game da iskar da aka aika wa Adawa, mutanen Annabi Hudu, cewa tana rugurguza kowane abu da umarnin Ubangijinta, wato kowane abin da ke karɓar rugujewa. Baba ya ɗago ya ce, "Ƙarasa ayar." Na ƙarasa: sai suka wayi gari ba a ganin komai sai gidajensu. Ya ce, "To kin gani. An ce kowane abu, ga kuma gidaje a tsaye, a aya ɗaya. Larabci ke nan."

Ya ce a Fathul Bari Ibn Hajar ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazin na game-gari ne amma abin da ake nufi keɓantacce ne. Ya kawo kuma malaman da suka bar shi a kan faɗinsa, ba su taƙaita ba. Ya ce ko a wurin masu wannan fahimta, an yi bayani cewa wani lokaci ita kaɗai ake sha, wani lokaci a haɗa ta da wani abu, wani lokaci a shafa, wani lokaci a shaƙa, kowace cuta da yadda ake yi mata. Ya tuna mini hadisin Jabir a Muslim, cewa kowace cuta tana da magani, in an dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. "In an dace, Uwata. Dacewar nan ilimi ce." Ya ce Annabin da ya faɗi falalar habbatussauda shi ne ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita lokacin da ya yi rashin lafiya.

Sai ya yi 'yar dariya, ta farko tun da ya dawo. Ya ce a Bukhari, a ruwayar da ta zo ta hanyar Nana A'isha, wani da ya je duba wani maras lafiya cewa ya yi a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai, a daka, a ɗiga a hanci da ɗan mai. "Biyar ko bakwai. Ƙirgawa suke yi. Ni kuwa babban cokali uku."

Na ce, "Baba, ka san duk wannan?"

Ya rufe littafin. "Tun ba a haife ki ba."

"To me ya sa?"

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Allurar ce ta ishe ni. Kowane dare, kowane dare. Ka ga kanka ka zama abin tausayi a gidanka. Da ma mai neman kuka ne, kika jefe ni da kashin awaki. Ki ɗauki rabonki na laifin, ki bar mini nawa, kada ki haɗa duka ki ce naki ne."

Ban san ko don ya sauƙaƙa mini ya faɗa ba. Na dai karɓa, amma rabon nawa bai yi mini sauƙi ba. Gwajin ƙodarsa bai koma yadda yake ba har yau. Likita ya sauya masa wasu magungunan saboda haka, duk wata uku kuma sai an ɗebi jini an duba. Duk ranar da za a je karɓar sakamako ba na iya cin abinci.

A wancan makon na zauna na bi wayata, na ƙirga mutanen da na tura wa saƙonnina. Sun haura 40. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu abin da ya faru, ban rage komai ba. Wasu sun yi mini jaje. Wata ta ce imanina ne ya yi rauni, ban yi musu da ita ba, don na san bakin da take magana da shi, nawa ne na jiya. Wata dattijuwa kuwa ta yi shiru a waya, sannan ta ce ita ma wata guda ke nan tana raba ƙwayar hawan jininta biyu saboda maganata. Washegari na raka ta aka auna ta.

Ban daina shan man ba, kada wani ya ɗauka haka. Rabin cokalin shayi, wani lokaci cikakke in sanyi ya shigo, bayan na ci abinci don kada ya ƙona mini ciki. Inhelar kullum tana kusa da buroshina, shuɗiyar tana jaka. Likitana ya san da shi, yana rubuce a katina. Da na samu cikin 'yata ta uku na ajiye shi gaba ɗaya sai da na haihu, jaririyar kuma ko ɗigo ban ba ta ba. Wanda aka matse ba tare da an dafa ƙwayar ba nake nema, a kwalba mai duhu, domin haske da zafi suna lalata sinadarin da ake so. Ina ajiye shi inda rana ba ta kaiwa, in kuwa warinsa ya juya ya koma na tsohon mai, zubarwa nake yi. Wanda ya ce zai shafa, sai in ce ya fara ɗiga kaɗan a cikin damtsensa ya jira kwana biyu, in ba ja ba ƙaiƙayi sannan ya ci gaba, ya kuma sirka shi da wani man mai laushi. Ƙanwata ce ta koya mini wannan, da fuskarta.

Har yanzu ana zuwa tambayata, don sunan ya riga ya bi ni. Tambayar farko da nake yi ita ce, "Wane magani kike sha yanzu?" Wasu ba sa son tambayar. Da can ba na yin ta, shi ya sa suka fi so na.

Wata shida bayan sallama, Baba da kansa ya tambayi likitansa ko zai iya komawa shan man. Likitan ya duba gwajin ƙoda, ya duba na matsakaicin suga na wata uku, ya ce rabin ƙaramin cokali sau ɗaya a rana, da sharaɗin gwaji kowace safiya a rubuta a littafi, in an ga wani canji a dakata. Yaya ya ce shi bai yarda a sake shigo da kwalbar gidan ba. Baba ya ce masa kwalba ba ta yi laifi ba. Sun ɗan ja, Umma ta raba, aka tsaya a kan ƙaramar kwalba, kuma a ɗakin Umma za ta zauna.

Duk ƙarshen mako nake zuwa. In duba littafin gwaji, in ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali, in ɗaga kwalbar sama in ja layi da biro a jikin takardarta daidai inda man ya tsaya. Allurar daren kuma ni nake yi masa in ina nan. Na koya a wurin nas, a fatar ciki, ana sauya wuri kowane dare. Har yanzu kau da kai yake yi.

Makon jiya ina cikin jan layin ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Dakta Habba, an samu ɓarawo?"

Na ce, "Layin ya sauka fiye da na kwana bakwai, Baba."

Umma ta amsa daga ƙofa, "Ni ce. Gwiwa."